Shekarar da Aka Haɗa Gero da Maiwa

Bana ruwa ya sauka da wuri a wajenmu, gabas da Malbaza. Kafin mu farga gero ya kai kamu ɗaya, mata sun duƙa cikin gonaki suna cira. Ni yanzu gwiwa ta hana ni duƙawa, sai dai in zauna gindin aduwa ina gadin tulun ruwa, ina ba da shawarar da ba wanda ya tambaye ni. A nan matar ɗana ta ba ni labarin wanda aka zaɓa ya riƙe famfon unguwa. Mutum ne da ko igiyar guga bai iya ɗaurewa ba, aka tsallake wanda shekara da shekaru shi ke kwance famfon ya ɗaure in ya lalace. Ta ce, "Inna, ba ki ce komi ba." To me zan ce? Na taɓa ganin irin wannan, kuma wancan karon da cikinmu muka biya.

Mu masu bin Almasihu ba mu da yawa a ƙauyen, ko da can ko yanzu. 'Yan gidaje ne a gefen gari, da majami'ar laka mai rufin kara. Sauran gari Musulmi ne, rijiyarmu ɗaya, gayyarmu ɗaya, in yunwa ta zo ma ba ta tambayar addini. Akwai shekarar da damina ta yi gardama har mutane suka cinye irin shukarsu. Da ruwa ya dawo sai ga magidanta da furfura suna bin gidaje da ƙoƙo suna roƙon abin shukawa. Maigidana Ishaku ne ya ce kada wannan abin kunya ya sake samunmu. Ya ce a gina rumbu ɗaya a harabar majami'a, da kaka kowa ya kawo damin irinsa a rufe. Abin da ke ɗakinka yunwa za ta sa ka daka shi, amma na rumbun jama'a sai ka ji nauyin idon mutane.

Shi ya kwaɓa lakar, shi ya ɗora ta har ta kai wuya. Ni na ɗebo masa ruwan, ina ɗauke da cikin 'yata ta uku. Da kaka ta zo ya jera dammunan da hannunsa, gero ta gabas, maiwa ta yamma, kowane dami da ƙullin kaba na gidan da ya kawo shi. Wanda bai yi noma ba zai ce ai duk hatsi ne. Gero ɗan gaggawa ne, shi muke ba jigawa don ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Maiwa kuwa sarauniyar nawa ce, sai ta sha ruwan ƙarshe ta sha raɓa, shi ya sa kwari kaɗai ake kai ta. A zangarniya ko makaho ya bambanta su da hannu. In aka sussuke aka haɗa, to sai Allah.

Ishaku ba shi da baki, wannan ita ce cutarsa. Sai ya wuni bai yi magana goma ba. Amma in ya murza zangarniya a tafin hannu ya ciji ƙwara ɗaya, zai faɗa maka ko ta yi iri ko ta tuwo ce. Har maƙwabtanmu Musulmi, in an yi ruwan farko, sai su leƙo su ga ko ya ɗauki sungumi kafin su ɗauki nasu.

Da rumbu ya cika sai dattawa suka ce a yi masa shugaba, wai perzidan. Wata Lahadi bayan sujada maza suka zauna gindin itacen bedi, mu mata muna can nesa muna kallo, don ba a tambayarmu. Ni har na fara gyara ɗankwali, na ɗauka magana a gama take, Ishaku za a kira. Sai aka kira sunan Bulus.

Bulus ɗan ƙanen Baba Iliya ne, dattijon da ke ja mana sujada in fasto bai zo ba. Ya yi 'yan shekaru yana aike a wani buro, wato ofis, a Ƙonni, ya dawo da agogo, da tabarau, da Faransancin da ba wanda zai iya kama shi da kure tunda ba mai ji. Gonar da ya gada kuwa ƙarangiya ce ke sarauta a cikinta. Dattawa suka ce ai in baƙi suka zo shi ne zai iya tsayawa gabansu. Aka ce a ɗaga hannu. Ina kallo hannuwa suka tashi, kuma a cikinsu har da wani baƙin hannu mai kanta da na sani sarai.

Da muka koma gida ban bari Ishaku ya gama shan fura ba. "Maigida, hannunka nig gani sama, ko ijiyata ta ruɗe ni?"

"Nawa na."

"Kai kag gina, kai kaj jera, kuma ka ɗaga ma Bulus hannu?"

"To in ɗaga ma kaina? Mutun ba shi yabon kainai, Hannatu."

"Wa ka maganar yabo? Iri na hwa!"

Ya ce rumbu dai a rufe yake, ba abin da ake nema wurin perzidan sai ya bar shi a rufe. Ya manta cewa wannan shi ne aikin da ya fi ƙarfin mutum irin Bulus.

Bazarar shekarar ta yi zafi na fitar hankali. Da hantsi ƙasa ta fara cin tafin ƙafa, kaji su buɗe baki su lafe ƙarƙashin rumbu, ruwan randa ya yi ɗumi tun kafin azahar. Ishaku ya tafi wajen Tsarnawa aikin cirar albasa da wasu maza. Bayansa ne labari ya zo cewa wasu baƙi daga wata ƙungiyar taimako za su biyo su ga rumbunmu. Bulus ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ce baƙi masu ilimi ba za su hau tsani su leƙa ramin laka ba, abin da suka sani buhuna ne a jere kamar a mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya. Ya sa aka ɗage hular rumbu, aka sauke dammuna, ya kira mu mata sussuka.

Na ce, "Perzidan, iri cikin zangarniya shika kwana lahiya. Mi ag gaugawar sussuka?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Matar Ishaku, wanga aikin tsari na. Ba a yi shi da ke ba."

Muka sussuka, don an ce shugaba ne. Amma mata ba wawaye ba ne. Muka yi tsibi biyu, gero nan, maiwa can, muka sa turame a tsakani. Ƙaiƙayi ya cika mana wuya, zufa na bin baya, ni ga jaririya a goye. Da rana ta take muka je gida mu jiƙa maƙoshi. Da muka dawo tsibi ɗaya muka tarar. Ashe da ya fara ɗurawa sai ya ga buhunan gero sun cika, na maiwa sun tsaya rabi, abin bai yi masa kyan gani ba. Sai ya sa aka ture su wuri guda aka juya da shebur, don kowane buhu ya cika daidai da ɗan'uwansa.

Ban san sanda na aje ƙwarya ba. Na ce, "Bulus, ka kashe mu!" Ya ce hatsi hatsi ne, ƙasa ba ta tambayar sunansa.

Baƙin sun zo, ba zan hana su hakkinsu ba. Suka sauko daga farar mota, suka dubi buhuna a jere an ɗinke bakinsu tsaf, suka gyaɗa kai. Bulus ya yi ta zuba Faransanci yana nuni da hannun da ke da agogo. Ba su daɗe kamar a sha ruwa a tashi ba suka ba shi wata hula mai baki, suka tafi. Wannan hular ko wajen sujada sai an tuna masa yake cire ta.

Ranar da Ishaku ya dawo ko gida bai shiga ba. Ya je ya kwance bakin buhu ɗaya, ya tura hannu har gwiwa, ya ɗebo, ya baza a tafinsa. Ya daɗe yana kallo. Ya mai da, ya ɗaure, ya zo gida ya zauna. Ni kuwa na yafa zane na nufi gidan Baba Iliya.

"Baba, ɗan ƙanenka ya haɗe muna gero da maiwa."

"Na jiya, ɗiyata. Amma shugabanci daga Allah yake. A yi haƙuri, a sa shi cikin addu'a."

"Baba, ni ina wurin ran nan. Ban ga hannun Allah sama ba, naku nig gani."

Tsohon ya ce in je gida in nemi gafara. Na nema, amma ta tsaurin ido ga babba, ba ta maganar ba. Har yau ban yarda a yi ɓarna da hannu sannan a jingina wa Ubangiji ba. Na san yana barin wawa ya hau, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Amma bari daban, so daban. Kuma ban taɓa jin inda ya ce mu kira wauta hikima don mai ita ɗan gidan dattijo ne ba.

Da na faɗa wa Ishaku haka sai ya ce, "Ubangijinmu Almasihu da kainai gaban alƙalan da ba su kai shi ba yat tsaya, su zaune, shi tsaye. Bai ce sun yi daidai ba, kuma bai bar aikinai ba." Na ce na ji, amma wa'azi ba ya raba gero da maiwa. Ya ce gaskiya ne, sai dai a raba su a gona.

Ruwan shuka ya zo da iska mai jan ƙasa, sannan ya zuba har ƙasa ta yi ƙamshin da ke sa mutum ya manta fushi na ɗan lokaci. Ba mu da wani iri, muka karɓi haɗin muka shuka. Tsiro ya fito gwanin sha'awa. A wajen cira ne masifar ta nuna kanta. Kowa ya san yadda ake yi, a kowane gindi ka bar ƙarfafa uku ka tumɓuke raunana. To maiwa ce ta fito da faɗin ganye da ƙiba, gero ya fito siriri a gefenta. Mutane suka yi ta tumɓuke geronsu da hannunsu suna barin maiwa a kan jigawa. Ishaku ne ya gane. Ya bar gonarmu a hannuna, tun da sassafe yana bin gonakin mutane yana duƙawa yana nuna musu, yana cewa su bar sirara su ma. Da Bulus ya ji sai ya tashi bayan sujada ya ce kada wani ya rikita jama'a, wannan iri masu ilimi sun gan shi sun yaba. Wasu suka bi Ishaku, wasu suka bi hula.

Lokacin marka cimaka ta ƙare a gidaje. Muka koma kan tafasa da rama, a dafa a matse a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Muka jiƙa 'ya'yan anza na daji kwana da kwanaki muna zubar da ruwan, duk da haka ɗacinta sai ya bi ka har barci. Dusar da muke ba awaki muka tankaɗe muka dama. Abin da ke riƙe mutum a irin wannan lokaci shi ne ya dubi gona ya ce saura kaɗan a ci tumu. Gero ya yi ciki ya fid da kai, amma ɗaiɗai, nan ɗaya can ɗaya, a tsakiyar ganyen maiwa kore shar da ko alamar ciki babu. Sai ruwa ya ɗauke. Hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi, mu fito mu tsaya, iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Cikin kwana kaɗan maiwa ta naɗe ganye, ta yi fari, ta bushe a tsaye. Shanun Fulani ne suka ci amfaninta.

Kafin a yi girbin ɗan abin da ya samu, Ishaku ya bi gonaki yana roƙon kowane mai gona ya bar shi ya zaɓi zangarniyar da ta fara nuna, don ita ce geron da bai gauraya ba. Wani ya ba shi goma, wani biyar, wani ya ce shi ma 'ya'yansa ci suke. Abin da ya tara duka dami uku ne. Irin geron gidajenmu kaf ke nan, in ya salwanta sai mu koma bara.

Dattawa suka zauna kan maganar Bulus. Na ce yau dai za a yi ta ta ƙare. Suka fito suka ce in an sauke shi an kunyata Baba Iliya, kuma kowa na kuskure, a bar shi ya gyara. Washegari na ga Ishaku ya ɗora dami ɗaya a ka zai nufi majami'a. Na tsaya a bakin zaure na buɗe hannuwa.

"Ba ka kai shi."

"Na jama'a na, Hannatu. In yak kwana gidanga, kin san kahin bazara mun dake shi."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi. Na ce to ba gidanmu, ba kuma hannun Bulus. Na sauke damin daga kansa na ɗora a nawa, na shiga gidan Malam Sahabi, maƙwabcinmu da katanga ɗaya ta raba mu, mutumin da ba a taɓa jin ya ci amanar ko allura ba. Na yi sawu uku. Na ce, "Malam, ga amana. Kada ka ba Bulus, kada ka ba maigidana, ko ni niz zo ina kuka kada ka ba ni, sai ran da ruwan shuka yas sauka." Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ya hau tsani ya sa su a rumbunsa ya rufe. Aka yi ta surutu wai irin majami'a ya je rani gidan Musulmi. Na ce wanda abin ya dama ya zo ya faɗa mini a gabana. Ba wanda ya zo.

Ranin nan ba na son tuna shi. Awakina suka tafi kasuwar Ƙonni ɗaya bayan ɗaya suka dawo garin rogo. Ishaku ya tafi ƙetaren iyaka neman aikin ƙarfi, ya dawo ƙashin wuyansa a waje. Nonona ya ƙafe. Wata ranar bazara da rana tsaka, na duba ko'ina a ɗakin babu abin da zan sa a tukunya, jaririyar ta yi kuka har muryarta ta dushe. Na tashi na shiga gidan Malam Sahabi. Na ce ya ba ni dami ɗaya, ɗaya tak, biyu ma sun isa iri.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwar ɗiya, ke kic ce ko kin zo kina kuka."

Na ce na janye. Ya ce ba a janye amana ranar yunwa, don saboda ranar aka ba da ita. Na faɗa masa maganganun da ban so in maimaita. Ina fita matarsa ta biyo ni da ƙwaryar dawa daga tasu 'yar ragowar, ta tura mini a hannu. Na tsaya a bayan katanga na yi kukan da ban yi ba duk shekarar.

Muka kai, da kyar. Ranar da ruwan shuka ya sauka Malam Sahabi ya sauke dammuna uku yadda na kai su, ko ɓera bai taɓa ba. Aka kai su gindin bedi. Wa kuke tsammani ya tsaya yana rabo? Bulus, da hularsa, yana jawabi kan yadda kwamitinsa ya ceci iri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ishaku na zaune a baya yana gyara ƙotar sungumi.

Da yamma muka gama tamu gonar, ina murna zan miƙe ƙafa, sai Ishaku ya ce gobe da sassafe za mu gonar Bulus. Na ce me muka yi asara a can? Ya ce ya biyo ta wurin, ya ga mutumin yana sara rami kusa kusa kamar mai shuka gyaɗa, yana zuba iri da cikin hannu. In aka bar shi zai ƙarar da rabonsa a kwata ɗin gona, kuma yana da 'ya'ya biyar da ba su suka zaɓe shi ba.

"Maigida, ni? Gonar Bulus?"

"Iri na, Hannatu. Ke kic ce."

Na je. Ishaku na gaba yana sara, ni ina binsa ina jefa iri ina rufewa da diddige. Bulus na gindin itace wai yana duba aiki. Kowane rami na taka shi da ƙarfin da ya fi na rufe iri, ina taka ina cewa Ubangiji ka gani dai. Gonar nan ta yi shekara da shekaru ba ta ga shuka ta kirki ba, ta huta ta ƙoshi. Damina kuma ta yi kyau. Da kaka babu gonar da ta kai tasa a duk gefenmu.

Ranar godiyar kaka majami'a ta cika, dammuna jibge a gaban bagade. Baba Iliya ya tashi ya ce tunda Allah ya nuna wanda ya sa wa albarka, perzidan ya fito ya koya wa jama'a yadda ake shuka gero. Bulus ya fito ya gyara tabarau. Na juya ɓangaren maza ina neman idon Ishaku, ko sau ɗaya dai mu haɗa ido ya nuna shi ma abin ya ci masa rai. Na same shi ya tallabe haɓa, ya miƙa wuya, yana saurare da gaske.